KAUCI A KAN KWAMFUTAR ƘUNGIYA: YADDA ZA A CIRE MANHAJAR TALLA

Ba da daɗewa ba, duk abin da ƙungiyar gama kai ta mallaka yana cikin babban littafi guda mai kauri, wanda magatakarda yakan kulle cikin akwatin ƙarfe. Sunayen 'yan ƙungiya suna ciki, da kuɗin shiga, da buhun taki nawa kowa ya karɓa, da ranar da ya yi alkawarin biya. Abokan gaban littafin nan kuwa sanannu ne: gara, da ɓera, da yoyon ɗaki da damina. Yanzu ƙungiyoyi da dama a ƙasar Zazzau sun kwashe lissafinsu sun zuba cikin kwamfuta. Dole ce ta sa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta fara rabon taki ta wayar hannu a 2012, aka kawo lambar BVN a 2014, sa'an nan Babban Banki ya buɗe shirin rancen Anchor Borrowers a 2015, sai ya zama kowace hukuma tana son sunayen manoma a buge, da lambar wayar kowa, da girman gonarsa. Waɗansu daga cikin shirye-shiryen nan sun wuce, amma al'adar ta zauna daram.

To, 'yan'uwa, kwamfuta ma tana da tata garar. Kukan da muka fi ji daga bakin magatakardan ƙungiyoyi kusan iri ɗaya ne. Kwamfutar da take tashi nan da nan ta koma sai an jira ta kamar motar kasuwa. Da an haɗa ta da intanet sai hotuna su riƙa faɗowa a kusurwar allo, wannan na caca, wancan na maganin ƙarfin maza, wani kuwa na rashin kunya, har mutum ya ji nauyin buɗe ta gaban dattawa ranar taro. An sayi data ta wata guda, ta ƙare cikin mako. Mutum ya buɗe burauza domin ya duba saƙon banki, sai ya tarar wani shafin bincike da bai taɓa sani ba ya hau kujerar na da. Waɗannan duka alamun abu guda ne, watau manhajar talla, da 'yan'uwanta da suka shigo ba da gayyata ba.

ABIN DA TAKE CI

Kowane manomi ya san kauci. Tsuntsu ne yakan ci 'ya'yansa masu danƙo, ya je ya goge baki a reshen ɗorawa ko kaɗanya, ƙwayar ta manne, ta tsiro, ta kafa jijiya cikin reshen. Ba shi da saiwa a ƙasa. Ruwan da itacen ya jawo shi yake sha. Ba ya kashe itace dare ɗaya, amma shekara ta zagayo ka ga kalwa ta ragu, reshe ya soma bushewa daga baki. Haka manhajar talla take. Ba ta son kwamfuta ta mutu, gama in ta mutu ciniki ya mutu. So take ta rayu, ita kuwa ta riƙa shan data da batir tana nuna talla. Akwai kamfanonin da suke biyan 'yan kuɗi kaɗan duk sa'ad da aka nuna tallarsu, ko aka danna ta, ko aka ɗora wata manhaja a kwamfutar wani. Kuɗin talla ɗaya bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya dasa kaucinsa a kwamfuta dubu ɗari yana kwance a ƙasarsu kuɗi suna shigo masa, mu kuwa a nan muke biyan kuɗin datar.

A watan Yuni na 2017 wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Check Point ya ba da labarin wata manhaja irin wannan da ya sa wa suna Fireball. Ya ce ta hau kwamfuta miliyan 250 a duniya. Kamfanin Microsoft ya ce adadin bai kai haka ba ko kusa, amma ko a nasa lissafin miliyoyi ne. Aikinta na yau da kullum shi ne ta canza wa mutum shafin bincike ta kai shi inda mai ita zai sami kuɗin talla. Abin da ya fi ta da hankalin masana shi ne ƙofar da ta bari a buɗe, domin ta wannan ƙofa mai ita yana iya aiko wa kwamfutar kowace irin manhaja ya ga dama, har da ta sata.

Nan ne abin ya shafe mu. Kwamfutar ɗan makaranta in ta kamu, asarar ba ta wuce ta data da ɓacin rai ba. Kwamfutar ƙungiya kuwa tana ɗauke da amanar mutum hamsin ko ɗari: lambar BVN, lambar waya, lambar asusun banki, hoton katin ɗan ƙasa, da imel ɗin da banki yake aiko da saƙo. Ita datar ma ba abin rainawa ba ce, tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan farashinsu a watan Janairu na 2025. Kuɗin nan daga aljihun 'yan ƙungiya suke fitowa.

TA WACE ƘOFA TAKE SHIGOWA?

Mu ɗauki birnin Zariya. Magatakardan da ya taso daga Dakace, ko Wusasa, ko wani ƙauye na hanyar Soba, da wuya ƙungiyarsa ta mallaki na'urar buga takarda. Sai ya kwafe jerin sunayen a falash, ya sa a aljihu, ya shigo gari. Wuraren buga takardu da cike fom suna nan wajen Ƙofar Doka da kan hanyar da ta nufi Babban Dodo, da bayan ganuwa a Tudun Wada da Kongo. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015, aikin shagunan nan ya ƙaru ƙwarai. Kwamfuta guda a irin wannan shago tana karɓar falash ɗin ɗalibi, da na mai neman aiki, da na mai buga katin biki, da na magatakardanmu, duk kafin azahar. Kamar rijiyar unguwa ce, kowa da gugarsa, ba wanda ya san inda gugar wani ta kwana. Ba laifin masu shagon muke gani ba, yawancinsu samari ne masu neman halaliyarsu, su ma abin yana damunsu. Amma falash ɗin da ya shiga can ya dawo gida, sai a ɗauke shi kamar dabbar da aka sayo daga kasuwa: a duba ta tukuna kafin a haɗa ta da garke.

Ƙofa ta biyu ta fi wannan faɗi. Yawancin kwamfutocin da ƙungiyoyi suke saye na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo, daga PZ ko Sabon Gari ko Samaru, ko kuwa wani ya kawo daga Kano. Mai saye yakan ce, “A cika mini ita da kome da kome.” Mai shago kuwa ya cika ta, da Word da Excel da aka fasa wa makulli domin kada a biya kuɗin lasin, da wasanni, da manhajar sauke fim, da waɗansu goma da ba wanda zai taɓa buɗewa. Wanda ya zauna a wata ƙasa ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin manhaja ya baza ta kyauta, lalle akwai inda yake fanshewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa cikin ƙunshin nan ne kaucin yake tahowa.

Ta uku ita ce gaggawar hannu. Mutum ya sauko da wata manhaja ta kyauta, ta fara tambaya da Turanci, shi kuwa ya riƙa danna “Next”, “Next”, “Next” har ta gama. A shafi na biyu ko na uku akwai 'yar ƙaramar akwati da aka riga aka sa wa alama, tana cewa ya yarda a ɗora masa wata manhaja dabam, a kuma canza masa shafin bincike. Da kansa ya sa hannu bai sani ba. Haka kuma shafukan sauke fim da na kallon ƙwallo sukan ce sai ka danna “Allow” kafin ka ci gaba. Wanda ya danna ya ba shafin izinin aiko masa da talla a kusurwar allo ko da bai buɗe shi ba.

Akwai kuma wadda take zuwa tun daga masana'anta. A farkon 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da waɗansu kwamfutocin cinya da wata manhajar talla mai suna Superfish a cikinsu. Domin ta cusa tallarta, manhajar nan takan shiga tsakanin mutum da shafukan da aka kulle, irin na banki, ta haka kuwa ta raunana makullin. Kamfanin ya daina, ya fitar da abin cire ta, kuma a 2017 ya yarda ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohi 32 na Amurka. Mun kawo wannan ne domin kwamfutocin shekarun nan su ne suke iso mana yanzu a matsayin tokumbo.

KAFIN A TAƁA KOME

A fara da ceton amana. A sami falash sabo, wanda bai taɓa zuwa shago ba, a kwafe takardun ƙungiya a ciki: lissafin Excel, wasiƙu, hotuna. Takardu kaɗai, ban da manhaja ko ɗaya, domin kada a kwashi ciyawa tare da iri. In da hali a buga lissafin bashi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. A cika batir, ko a jira sa'ad da wuta ta tsaya, gama akwai matakin da ba a so kwamfuta ta mutu a tsakiyarsa. Kalmomin da suke kan allo na Turanci ne, saboda haka za mu rubuta su yadda suke. Wanda Turancin ya yi wa nauyi ya zaunar da ɗan sakandare kusa da shi ya riƙa karanta masa, amma kada ya bar masa linzamin.

SARAN KAUCIN

A cire kwamfutar daga intanet tukuna. A danna madannin da yake da hoton taga, a rubuta “Control Panel”, a buɗe, a nemi “Uninstall a program” ko “Programs and Features”. Jerin dukan manhajojin da suke ciki zai fito. A saman jerin akwai “Installed On”. In aka danna shi, sai su jeru bisa ga ranar da kowace ta shiga. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani. Magatakarda ya tuna makon da damuwar ta fara, ya dubi abin da ya shiga a makon. Sau da yawa zai ga uku ko huɗu sun shiga rana ɗaya, alhali guda ɗaya ya san ya ɗora.

Sunayensu sukan tona su. Duk mai ɗauke da “Toolbar”, ko “Search”, ko “Deals”, ko “Coupon”, abar tuhuma ce. Haka masu cika baki cewa za su ƙara wa kwamfuta gudu, irin su “Optimizer”, “Booster”, “PC Cleaner”, “Driver Updater”. A ganinmu kwamfutar ƙungiya ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Sukan nuna jan rubutu cewa sun gano matsala dubu, sa'an nan su nemi kuɗi kafin su gyara. A dubi kuma layin “Publisher”, watau sunan kamfanin da ya yi ta. Wadda ba ta da suna a nan, kamar buhun iri ne marar tambari.

Sai dai a yi hattara, kada garin saran kauci a sare reshe mai rai. Abin da yake da sunan Microsoft, ko Intel, AMD, NVIDIA, Realtek, ko sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a bar shi. Za a ga “Microsoft Visual C++” ya fito sau da yawa da shekaru dabam dabam. Ba kuskure ba ne, waɗansu manhajoji a kansu suke tsaye. Wadda aka yi shakka a kanta, a rubuta sunanta a takarda a tambayi wanda ya sani. Wadda aka tabbata, a danna ta, a danna “Uninstall”, a karanta kowace tambaya a hankali, domin sukan juya maganar yadda “Yes” zai zama “bar ni”, ko su yi tayin wata manhaja a madadinsu.

Bayan haka a danna Ctrl da Shift da Esc tare. A Windows 10 da 11 akwai sashen “Startup”, inda aka jera masu tashi tare da kwamfuta kowace safiya. Yawan su ne yake sa ta nauyin tashi. Baƙin ciki a danna musu “Disable”. Wannan bai share su ba, ya hana su tashi ne kawai, in an yi kuskure ana iya mayarwa.

Yanzu sai burauza, inda yawancin tallar take zaune. A Chrome, a danna ɗigo ukun da suke sama ta hannun dama, a shiga “Extensions”. Waɗannan 'yan ƙananan manhajoji ne da suke manne da burauza, suna ganin duk shafin da aka buɗe. Duk wadda magatakarda bai san dalilinta ba, “Remove”. Sa'an nan a shiga “Settings”, “Privacy and security”, “Site settings”, “Notifications”. Nan za a ga sunayen shafukan da aka taɓa danna wa “Allow”. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyara, har an goge musu kwamfuta gaba ɗaya, alhali cutar duka tana cikin wannan ɗan jeri ne. A cire su duka, in ban da imel ko wanda aka sani. Daga nan a koma “Settings”, a nemi “Reset settings”, a mai da burauzar yadda ta zo. Wannan ba ya share kalmomin sirrin da aka ajiye ko shafukan da aka yi wa alama. Edge da Firefox ma suna da irin waɗannan wurare, sunayen ne suka ɗan bambanta.

In bayan wannan baƙon shafin bai daina fitowa ba, a dubi hoton Chrome da yake kan allo, a danna shi da madannin dama na linzami, a shiga “Properties”. Layin “Target” ya kamata ya ƙare da chrome.exe. In an liƙa adireshin wani shafi a bayansa, a goge adireshin.

Sai a mai da intanet, a sa mai gadi ya zagaya. Windows 10 da 11 suna da nasu mai gadin a ciki, kyauta, ana kiransa Microsoft Defender, ana samunsa a “Windows Security”. A bar shi ya sabunta kansa, a shiga “Virus & threat protection”, “Scan options”, a zaɓi “Full scan”. Yana iya cin awa ɗaya ko fiye. A wurin akwai wani zaɓi mai ɗauke da kalmar “Offline”, wanda yakan kashe kwamfuta ya bincike ta kafin Windows ta farka, domin ya kama masu ɓuya. Kamar minti 15 yake ɗauka, shi ne muka ce a cika batir dominsa. Tun watan Agusta na 2021 Microsoft ya sa Defender ya riƙa tare manhajojin da ba a so da kansa, amma masu ɗora manhajar da aka fasa sukan kashe shi domin kada ya hana su aiki, su kuma manta su kunna. A duba ƙarƙashin “App & browser control” a tabbata “Potentially unwanted app blocking” yana kunne.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta da aka yi musamman domin wannan aiki, sunanta AdwCleaner, wadda kamfanin Malwarebytes ya saya a 2016. Ba ta zama cikin kwamfuta. A sauko da ita, a buɗe, a danna “Scan Now”, ta jera abin da ta samu, a danna “Quarantine”, ta tsare su. Amma daga shafin malwarebytes.com kaɗai za a ɗauko ta, a rubuta adireshin da hannu. Masu manhajar talla sun san mai ciwo yana neman magani, saboda haka sukan yi jabun maganin su baza.

Mai gadi ɗaya ya isa. Mun sha ganin kwamfuta da riga-kafi uku, biyu lasin ɗinsu ya ƙare tun bara, kowane yana tuhumar ɗan'uwansa, kwamfutar kuwa tana nishi. Riga-kafin da ya daina sabuntawa a cire shi, Defender zai karɓi aikin. Smadav, wanda ya fito daga Indonesiya kuma masu shaguna suke so, mataimaki ne wajen duba falash, ba ya maye gurbin babban mai gadi.

Wani lokaci shafi yakan cika allo da jan rubutu, har da ƙara, yana cewa bairos ya kama kwamfutarka, ka kira wannan lamba ko ka danna nan. Ƙarya ce. Saƙon Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Kada a danna kome a cikinsa. A danna Alt da F4 tare a rufe burauzar, in ta ƙi a kashe kwamfutar.

IN TA SĀKE TSIROWA

Malaman gona na IAR a Samaru sun daɗe suna faɗa mana cewa wuta-wuta guda tana zubar da dubun dubatar iri, irin kuwa yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran dawa ko masara. Akwai manhajar talla mai irin wannan hali: a cire ta yau, jibi ta dawo, domin ta bar wani ɓoyayyen yanki da yake sāke sauko da ita. In haka ta faru sau biyu, kada a ɓata lokaci. A “Settings”, ƙarƙashin “Recovery”, akwai “Reset this PC”. Zaɓin “Keep my files” yana barin takardu ya share dukan manhajojin da aka ɗora, har da Word da Excel. Wanda zai kai wa mai gyara ya riga ya kwafe takardunsa, ya zauna a wurin har a gama, ya kuma faɗi da bakinsa manhajojin da yake so, uku ko huɗu. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin lasin Office tana iya amfani da LibreOffice, wadda kyauta ce ta halal, tana kuma buɗe takardun Word da Excel.

FALASH DA YA ƁOYE TAKARDU

Wannan ciwon shagunan buga takardu ne, ya kuma sa magatakarda da yawa zufa. Mutum ya dawo gida ya buɗe falash, sai ya ga kowace folda ta sami 'yar kibiya a gindinta, ko kuwa duka sun ɓace sai hoto guda mai sunan falash ɗin. Takardun suna nan, ɓoye su aka yi. Masu kibiyar tarko ne, wanda ya danna ɗaya ya shigar da bairos cikin kwamfutarsa. Kada a danna, kada kuma a yi gaggawar goge falash ɗin. A danna shi da madannin dama a sa Defender ya bincike shi. Sa'an nan a duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce E ne. A rubuta “cmd” a wurin nema, baƙin allo zai buɗe, a rubuta wannan daidai, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

A danna Enter, a ɗan jira. Takardun za su bayyana. A kwashe su, a share masu kibiya, sa'an nan a goge falash ɗin. Shawararmu ita ce ƙungiya ta riƙe falash biyu, a ɗaura wa na zuwa gari jan zare. Wanda ya fi ma, a mai da takardar PDF a aika wa mai shago ta WhatsApp ko imel, falash ya yi zamansa a gida.

WAYAR MA'AJI

Kuɗin ƙungiya yanzu ta waya suka fi wucewa, ita ma tana kamuwa. A watan Agusta na 2020 sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyi kusan 53,000 ƙirar Tecno W2, a ƙasashe irin su Habasha, Gana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu, sun iso hannun masu saye da manhajojin Triada da xHelper a ciki. Sukan yi ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abin biya a ɓoye, su cinye masa kati da data. Kamfanin da ya ƙera wayar ya ce daga wani mai kawo masa kaya abin ya fito, ya kuma ce ya fitar da gyara. Amma abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne manhajar da aka turo ta Xender daga wayar aboki, ko aka sauko da ita daga wani shafi: ta tocila, ta goge waya, ta rancen gaggawa. A shiga “Settings”, “Apps”, a cire baƙi, musamman wadda ba ta da suna ko hoto. A buɗe Play Store a sa “Play Protect” ya duba. In kati yana raguwa ba dalili, a danna *305# a ga abin da aka yi wa layin rajista a soke shi. Saƙonnin talla kuma, a aika STOP zuwa 2442, lambar da NCC ta tanada tun 2016.

ABIN DA YA RAGE WA TARON ƘUNGIYA

Akwai maganar da ta fi ƙarfin magatakarda shi kaɗai. Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro ran 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin lokaci. Kwamfuta mai irin waɗannan ba ta daina aiki ba, lissafi za ta yi shi lafiya lau. Sai dai duk ɓarakar da aka gano a jikinta daga baya ba mai toshewa. Ƙungiyar da take da Windows 7 gara ta bar ta a kan lissafi da rubutu, ta hana ta intanet, a nemi wata hanya domin harkar banki. Mai shirin sayen tokumbo kuwa ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya, gama da yawa daga cikin tsofaffin ba sa ɗauka.

Taro ya kuma yanke wanda zai riƙa taɓa kwamfutar. Mun san yadda gida yake: magatakarda ya tafi gona, yara sun ɗauka suna kallon fim. Windows tana ba da damar a buɗe wa mutum ɗaki na biyu, wanda ake kira “Standard”, inda ba a iya ɗora yawancin manhajoji sai da kalmar sirrin mai babban ɗaki. Aikin minti biyar ne. Haka kuma in da wayar hannu ake ba kwamfuta intanet, a shiga saitin wannan haɗin a kunna “Metered connection”, domin Windows ta san datar a ƙidaye take, ta rage sha.

Bayan an gama share kwamfutar, sa'an nan ne za a canza kalmomin sirri, na imel da na banki, domin in aka canza tun tana da cuta sabuwar ma za a iya gani. A sa imel ɗin ya riƙa aiko da lamba ta waya kafin ya buɗe. Ma'aji kuma ya je banki ya karɓo bayanin asusu na watannin da kwamfutar ta yi tana ciwo, shi da mutum biyu daga cikin kwamiti su zauna su gwada shi layi layi da littafin ƙungiya, su kawo rahoto a taro na gaba.